Tsagewa da Zane a Bakin Bututun Jan Ƙarfe: Nazarin Wani Aikin Haɗa AC

Aikin na haɗa AC shida ne masu amfani da gas R410A, a wani gida mai bene a Kano, a tsakiyar hunturu. Mai gidan ya ce duk injinan waje a jera su a ƙasa ta bayan gini. Hakan ya sa bututun da ya zo cikin kwali bai kai ba, domin ɗakunan sama suna buƙatar kusan mita 10 kowanne. Da za a bi abin da ya fi, sai a ja bututu ɗaya tun daga ciki har waje ba tare da haɗi ba. Amma an riga an sayo naɗin bututu, ga kuma guntaye da suka rage daga wani aiki, sai aka yanke shawarar yin ƙari: a faɗaɗa bakin ɗaya ya zama kofi, a zura ɗayan a ciki, a yi walda. Girman bututun uku ne: kwata inci (milimita 6.35), 3/8 (milimita 9.52) da rabin inci (milimita 12.7). Kayan aikin kuwa su ne waɗanda ake gani a kusan kowane shagon gyaran firiji: abin yanka bututu mai faifai, mariƙi mai ramuka, ƙarfen faɗaɗa baki mai hawa-hawa da ake bugawa da guduma, da abin buɗa bakin mazurari na wurin ɗaurin noti.

Da aka cika layukan da naitirojin don gwaji, matsin uku daga cikin shida ya yi ta sauka. Kumfar sabulu ta nuna yoyo a haɗi biyu na walda, duka a bututun kwata, da kuma noti ɗaya a injin ciki. Maigidan shagon ya ɗora laifin kai tsaye a kan bututun, ya ce jabu ne, ba shi da kauri. Yaran shago kuma suka so a ƙara zuba walda a kan wurin a wuce. Ba a bi ko ɗaya ba. An yanke haɗin da suka yi yoyo, aka tsaga su gida biyu a tsaye da zarto, sannan aka yi kofuna goma-goma na gwaji a kowane girma, da kayan aiki iri ɗaya da hannu iri ɗaya, aka jera su a kan tebur. A nan aka ga ashe aibin ba ɗaya ba ne. Akwai tsagewa, akwai zane, akwai tattarewa a ƙasan kofi, kuma kowanne da abin da ya haddasa shi. Hanyar rarrabe su ita ce a dubi inda alamar ta fuskanta da inda ta tsaya: a tsaye take ko a kewaye, a leɓe ko a wuya, kuma wuri ɗaya take fitowa a kowane kofi ko tana yawo.

Tsagewar leɓe a bututun kwata

Wannan ce ta jawo yoyon walda biyun. Tsaga ce siririya da ta faro daga leɓen kofi ta gangara milimita 3 zuwa 4. A ɗaya waldar ta rufe ta daga sama kawai, ƙasa kuma a buɗe. A kofunan gwaji ta fito a kwata sau da yawa, a 3/8 jefi-jefi, a rabin inci ko sau ɗaya.

Lissafi ne ya bayyana dalilin wannan bambanci. Bututun kwata mai kaurin bango milimita 0.8, faɗin cikinsa 4.75 ne. Kafin ɗan'uwansa ya shige shi, dole cikin ya buɗe zuwa kusan 6.45, wato fatar ciki ta miƙe da kimanin kashi 36 cikin 100. A 3/8 ana tashi daga 7.92 zuwa 9.62, kashi 21. A rabin inci daga 11.1 zuwa 12.8, kashi 15 kacal. Ƙa'idar ASTM B280 ta Amurka, wadda ake ƙera bututun firiji da AC a kanta, ta ce jan ƙarfe mai laushi na naɗi ya iya miƙewa aƙalla kashi 40 kafin ya tsinke. Ke nan rabin inci yana da sarari mai yawa, kwata kuwa yana dab da iyaka tun yana lafiyayye. Ɗan tauri kaɗan ko ɗan tabo a leɓe ya isa ya tsaga shi.

Wannan lissafin ya rushe zargin maigidan shagon ma. An auna guntayen tsohon bututun, an samu bangonsu milimita 0.6, sabon naɗin kuma 0.8. Amma mai 0.6 cikinsa ya fi faɗi tun asali, 5.15, don haka miƙewar da yake buƙata kashi 25 ce kawai. Rashin kauri aibi ne, kuma za a zo kansa, sai dai ba shi ke tsaga leɓe ba.

Abu biyu aka kama. Na farko yanka. Yaron da ke yanka yana murɗa abin yankan da ƙarfi don ya gama a zagaye uku ko huɗu. Faifan da aka matsa haka ba yanka yake yi ba, danna bakin yake yi ciki, ya bar zobe mai tauri da kaifi a leɓe. Jan ƙarfe duk inda aka matsa shi ko aka lanƙwasa shi a sanyi tauri yake ƙarawa, kuma ikon miƙewarsa yana raguwa. To wannan zoben da ya riga ya taurare shi ne wurin da ake nema ya fi ko'ina miƙewa. Ƙari a kan haka, ana kankare kaifin da bakin wuƙa, tana barin ƙananan tabo. Mai sayar da yadi yakan ɗan tsaga bakin da almakashi ne kawai, ya ja, yadin ya yage har ƙasa. Haka tabon wuƙa yake yi wa leɓen kofi.

Na biyu shi ne bakin bututun kansa. Guntayen an lanƙwasa su an miƙe ba sau ɗaya ba a aikin baya, sabon naɗin kuma ƙarshensa ya sha matsa wajen ɗauka. Idan ka lanƙwasa irin wannan wuri da hannu ka kwatanta da tsakiyar naɗin, za ka ji bambancin taurin nan take.

Gyaran: a yanke santimita 5 zuwa 10 daga ƙarshen naɗi a ajiye gefe. A riƙa murɗa abin yanka kwatan zagaye kawai bayan kowane kewaye ɗaya ko biyu, ko da yankan zai kai kewaye goma. Faifan da ya dakushe ko ya ɓantare a canza shi. A kankare kaifin ciki da abin kankarewa na ainihi, bakin bututun yana kallon ƙasa don ɓarɓashin ya zubo waje, a tsaya da zarar yatsa ya daina jin kaifi. Wuce gona da iri a kankarewa yana sirantar da leɓe, shi ma tsagewa yake kawowa. Wajen bugu kuma, a yi shi da ƙananan bugu a jere, ana ɗan juya ƙarfen faɗaɗawa bayan kowane bugu biyu ko uku, da ɗigon mai a jikinsa. Da waɗannan kaɗai 3/8 ya daina tsagewa. Kwata ya ragu sosai, amma bai daina ba sai da aka laushe bakin da wuta.

Laushi da wuta, da aibin da ya haifar

Jan ƙarfen da ya taurare yana komawa laushi idan aka gasa shi ya yi ja mai duhu, wajen digiri 600 zuwa 650 a ma'aunin Salsiyas. Zagayen farko na gashin an yi shi a tsakar gida da rana tsaka. Kofunan ba su tsage ba, amma fatarsu ta fito da kaushi, gurɓi-gurɓi, wuyansu kuma ya yi ta lotsawa. A cikin hasken rana ido ba ya ganin jan duhu. Kafin mai walda ya ga launi, ƙarfen ya riga ya wuce inda ake so nesa. Zafin da ya yi yawa ko ya daɗe yana sa ƙwayoyin ƙarfen su girma, idan aka miƙa shi sai kowace ƙwaya ta nuna kanta a fata. Irin wannan kofi ba ya gyaruwa da sake gashi. Yanke shi ake yi.

Sai aka koma inuwa. Aka gasa santimita 2 na baki kawai, wuta tana yawo ba ta tsaya wuri ɗaya ba, da ganin jan duhu aka janye. An naɗa jiƙaƙƙen tsumma ɗan nesa da bakin don zafin kada ya bi bututun ya laushe inda mariƙi zai kama. Ba a tsoma bakin a ruwa ba. Tsomawa ba ta taurara jan ƙarfe yadda take yi wa baƙin ƙarfe, matsalar ita ce ruwan da zai shiga ciki, domin man kwamfuresa na R410A yana shan danshi, danshin kuma yana lalata shi. An kuma bar naitirojin yana ɗan busawa ta cikin bututun lokacin gashi, kaɗan yadda da ƙyar za a ji shi a bayan hannu. In ba haka ba baƙin ɓawo yana fitowa a ciki, daga baya ya ɓare ya je ya toshe matata ko siririn bututun da ke rage matsin gas.

Zanen da ke cikin kofi

Kusan duk kofunan 3/8 suna da layi ɗaya mai zurfi a tsaye ta ciki, farce yana kama shi. An yi wa ƙarfen faɗaɗawa alama da alli, aka buga kofi uku ba tare da juya shi ba, sai layin ya fito daidai gefen alamar a dukansu. Laifin na kayan aiki ne ke nan. Da aka duba hawan 3/8 na ƙarfen, akwai ɗan tabo inda ya taɓa faɗuwa a kan siminti, jan ƙarfe kuma ya manne a bayan tabon ya taru. Kowane bugu yana ƙara tarin, tarin yana ƙara zurfin zanen. An goge shi da samfefa mai lamba 600, sannan 1000, ana juya ƙarfen a cikin samfefar don gugar ta bi kewaye, aka tsaya da zarar ya yi sumul. Ba a cin ƙarfen da yawa, in ba haka ba kofin zai riƙa fitowa a matse.

Akwai kuma ƙananan zane barkatai da ba sa maimaita wuri. Waɗannan ƙura ce. Kayan aikin a ƙasa ake ajiye su, ƙarfen da mai a jikinsa, ga hunturu. Ƙurar ta manne wa man, bugu ya shigar da ita cikin fatar jan ƙarfe. Maganinta tsumma mai tsabta kafin kowane kofi, akwati mai murfi, da toshe bakin kowane bututu da tef har zuwa lokacin haɗi.

A kofin walda ƙaramin zane ba abin tashin hankali ba ne, walda tana cike shi. Mai zurfi ne ake gudu, don daga shi tsaga ke farawa. Abin da ya fi cutar da walda shi ne man da aka bari a ciki. A ɗaya daga haɗin da aka tsaga an ga ƙananan ramuka a cikin waldar da baƙin tabo, alamar mai ya ƙone a wurin. An gano baƙin man inji ake dangwalawa. Ɗigo ɗaya na man firiji irin na na'urar ya isa, kuma bayan an gama kofin a goge cikinsa tas kafin wuta ta taɓa shi.

Tattarewa a ƙasan kofi da cizon mariƙi

Nan ne rashin kauri ya nuna kansa. Guntaye masu bango 0.6 sun yi ta kumbura zobe a ƙasan kofi, wasu kuma kofin ya karkace gefe. Bangon ba shi da ƙarfin ɗaukar bugun da ke saukowa, sai ya naɗe maimakon ya buɗe. Abin da ya ƙara dagula shi, ana barin bututun ya fito sama da mariƙi fiye da kima. Ƙa'idar ita ce abin da ya fito ya zama faɗin bututun da ƙarin kamar milimita 3: kwata wajen 9 zuwa 10, 3/8 wajen 12 zuwa 13, rabin inci wajen 16. Zurfin kofin da za a samu ya yi daidai da faɗin bututun. Duk abin da ya wuce haka tsayi ne da ba shi da madogara.

Mariƙin ma da nasa. Ramukansa na milimita ne, 6 da 10 da 12, bututun kuma na inci. Ramin 6 yana cizon bututu mai 6.35 ya bar masa zobe mai zurfi, ramin 10 kuma ba ya riƙe mai 9.52, sai ya zame ƙasa a kowane bugu, haƙoran su kankare bayansa. A ido ba a bambanta mariƙin inci da na milimita sai an karanta rubutun jikinsa. An kawo na inci, aka kuma riƙa fara ɗaure notin da ya fi kusa da bututun kafin na nesa.

Guntayen 0.6 an cire su daga aikin gaba ɗaya. Manyan kamfanonin AC suna neman bango 0.8 a waɗannan girma uku idan gas ɗin R410A ne ko R32, kuma da dalili. AC ɗin da ke kashe a zafin digiri 40, irin na watan Afrilu, matsin R410A a layinsa yana kai kusan bar 24 (bar ma'aunin matsi ne), inda tsohon gas R22 zai tsaya a wajen 15. Wurin da aka faɗaɗa kuma ya riga ya ƙara sirancewa.

Kofin da ya yi sako-sako

Kofuna biyu na rabin inci sun fito da faɗi, bututu yana rawa a ciki, saboda an riƙa jijjiga ƙarfen gefe da gefe wajen zare shi. Walda tana shiga tsakanin bango biyu ne idan ratar ƙarama ce, kamar milimita 0.05 zuwa 0.15. Idan ta yi faɗi sai ta taru a baki ko ta zuba cikin bututun. Matse kofin da filaya, wanda aka saba gani, yana rufe gefe biyu ne ya buɗe sauran biyun. A zare ƙarfen da murɗawa, ana ɗan bubbuga gefen mariƙin. Kofi mai kyau bututu yana shigarsa da ɗan turi, kuma ba ya faɗowa idan an juya shi ƙasa. Sandar walda mai fosfaras ba ta buƙatar hodar walda idan jan ƙarfe ne da jan ƙarfe. A fara zafafa bututun ciki, sannan kofin, a bar zafin ƙarfen ya narkar da sandar, ba harshen wutar ba.

Notin da ya yi yoyo

Bakin mazurari ba shi da walda da za ta rufa masa asiri, fuskarsa ce kawai ke manne wa tagullar injin. A wanda ya yi yoyo akwai zane ɗaya da ya taso daga ciki zuwa leɓe, ɓarɓashin kankarewa ne ya maƙale a ƙarƙashin kan abin buɗawa. Zanen da ya bi kewaye sau da yawa ba ya yoyo, amma wanda ya ratsa daga ciki zuwa waje hanya ce buɗaɗɗiya ga gas. Yaran sun yi ta ƙara ɗaure notin, abin da ya murƙushe leɓen ya sirance. An yanke aka sake.

Faɗin bakin da ake nema ga R410A shi ne milimita 9.1 a kwata, 13.2 a 3/8, 16.6 a rabin inci. Idan abin buɗawar na R410A ne mai kuloci, wato wanda ke sakewa da kansa idan matsawa ta isa, bututun ya fito sama da mariƙi da 0 zuwa 0.5 kawai. Idan tsohon samfuri ne mai kuloci na zamanin R22, sai a fito da shi 1.0 zuwa 1.5 kafin a samu wannan faɗin. A shafa ɗan man firiji a fuskar mazurarin, ban da zaren noti, domin zare mai mai yana sa a wuce ƙarfin ɗauri ba a sani ba. A fara ɗaurawa da hannu zagaye uku ko huɗu, sannan sifana biyu, ɗaya tana riƙe ɗaya tana ɗaurewa. Ƙarfin ɗaurin da aka saba gani a littattafan na'urorin shi ne 14 zuwa 18 N·m (ma'aunin ƙarfin murɗawa) a kwata, 34 zuwa 42 a 3/8, 49 zuwa 61 a rabin inci. Idan littafin na'urar da ke hannu ya faɗi daban, shi za a bi.

Gwajin ƙarshe

An sake duk haɗin kwata, har waɗanda ba su yi yoyo ba, tunda hannu ɗaya da kayan aiki ɗaya suka yi su. Bawul ɗin injin waje a rufe, aka ɗaga naitirojin hawa-hawa: bar 5 na minti biyar, bar 15 na minti biyar, sannan zuwa matsin da ke rubuce a farantin na'urar, wanda a yawancin na R410A yake kai bar 41.5. Iskar oksijin ta walda ba a gwaji da ita ko kusa, haɗuwarta da mai a ƙarƙashin matsi fashewa take yi.

Washegari da safe agogon awon matsi ya nuna saukar sama da bar ɗaya a dukan layukan shida, har aka fara neman sabulu. Saukar da ta zo daidai wa daida a layi shida ba yoyo ba ce. A irin wannan matsi naitirojin yana sauka da kusan bar 0.1 a duk digiri ɗaya da zafi ya ragu, an kuma cika layukan da rana aka karanta da sanyin asuba na hunturu. Da rana ta ɗaga, allurar ta koma inda aka bar ta. Daga nan aka zuƙe iskar layukan zuwa maikron 500 (ma'aunin ɗan matsin da ya rage a ciki), aka rufe aka ga ya tsaya, sannan aka buɗe bawul. Layukan sama da suka wuce tsayin da gas ɗin kamfani ke ɗauka an ƙara musu gas da sikeli, gwargwadon gram da littafin ya ƙayyade wa kowace mita ta ƙari, aka rubuta adadin a jikin injin waje saboda wanda zai zo gyara nan gaba.